Shirun Ɗakin Mama

Auta ce ta fara lura cewa agogunan gidan ba mutuwa suka yi ba. Na falo ya tsaya a sha ɗaya da kwata, na kicin a biyu saura, na ɗakin Baba a uku daidai. Kowa ya shigo sai ya ɗaga kai ya ce batir ya ƙare. Ita kuwa ta ga batiran jere a kan taga, kowanne an manna masa 'yar takarda da sunan ɗakinsa, da rubutun yayanta.

Kashe-Fanka ake kiran yayan nata, don duk ɗakin da ya shiga da makirufonsa maganar da ke fara fita daga bakinsa ke nan. Da safe yana shagon buga takardu yana yankan kati. Da rana tsaka, in an ɗauke wuta unguwa ta yi tsit, sai ya dawo gida ya yi waƙa. Shekara goma sha biyu yana haka, da wata jita mai tsagaggen ciki da kwamfutar da sai an ɗora ta kan bulo biyu ta sha iska. Ba a taɓa jin sa a rediyo ba. Shi ma bai taɓa kai kansa ba.

Shekara guda da rasuwar Mama aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidan, za a faɗaɗa titi. Iyali suka kwashe suka koma wani gida. Shi ya ce a bar masa mabuɗi. Gidan ɗaki bakwai ne in aka ƙirga kicin da sito da banɗaki, kuma zai yi waƙa bakwai, kowacce a ɗauke ta a cikin ɗakinta, kafin katafila ta iso.

"Mutane na cire ƙofofi da tagogi," in ji babban yayansu, yana ɗaure katifa a bayan mota, "kai me kake cirewa? Iska?"

"Kowane ɗaki da muryarsa, Yaya. Banɗaki mayar maka da magana yake, sito haɗiye ta yake."

"To Allah ya shirye ka. In ka gama ka ɗauko wa matata muryar kicin, ko ta rage tata."

Auta ce mai danna masa maɓalli, don ita kaɗai ta iya zama ba motsi. Tsarin aikinsa ɗaya ne. Kafin ya buɗe baki sai ya cire batirin agogo, ya rufe taga, su zauna minti guda ba mai tari, makirufo na ɗaukar shirun ɗakin. Ya yi mata bayani cewa babu ɗakin da ke da shiru na gaskiya, kowanne yana da ɗan gurnaninsa. In ya nuna wa kwamfuta wannan mintin, sai ta gane gurnanin ta tsame shi daga waƙar, murya ta fito fes.

Ɗaki shida suka tafi lafiya. Ranar Litinin suka shiga na Mama. Katafila kuwa Asabar za ta zo.

Ɗakin fayau yake. Sai sawun ƙafafu huɗu a siminti, inda keken ɗinkinta ya zauna shekara talatin kafin gwaggonsu ta ɗauke shi. Suka ɗauki shiru, ya rera waƙarsa, ya danna a tsame gurnani. Da ya kunna, jita tana nan garau. Muryarsa ce babu. Sai ɗan ɓurɓushi nan da can, kamar mutum na magana daga ƙasan rijiya.

Ya sake, haka. Ya sake ranar Talata, haka.

"Kwamfutar nan ta tsufa," in ji shi.

"Yaya," in ji Auta, "ka taɓa sauraron shirun kansa?"

Bai taɓa ba. Wa ke sauraron shiru? Ya ƙure ƙarar, ya sa hedifon a kunne, ta ga gashin hannunsa ya miƙe. Ya cire ya ɗora mata a kai.

Can ƙasa, bayan shuuu ɗin na'ura, akwai taka-taka-taka na keken ɗinki, irin na ƙafa. Yana gudu, ya sassauta a kwana, ya sake gudu. Kuma a kansa wata murya tana gunguni, baki rufe, kamar mai riƙe da allura a leɓe. Karin da take bi shi ne karin waƙarsa ta bakwai, wadda ya rantse shi ya ƙirƙira a kan hanyar shago. Kwamfuta ba ta yi kuskure ba. An ce mata duk abin da ta ji a wannan mintin datti ne, ta kuwa share shi duk inda ta same shi, har a maƙogwaronsa.

Auta ta zare hedifon. Rana ƙwal a tsakar gida, wata kaza tana tono. A ɗakin ba ka jin komai.

Ya zaga layin gida gida. Babu tela, babu injin da ke aiki, rabin maƙwabta ma sun tashi. Da babban yayan ya ji labari a waya, sai ya yi tsaki.

"Ka je studiyo kamar kowa ka rera abarka. Kuma ka daina kai yarinyar nan kango. Yunwa ce ke damun ku."

Kashe-Fanka bai je ba. Ya ce wa Auta in ya rera ta a wani wuri, to waƙa shida ya yi da ƙarya ɗaya. Laraba da Alhamis bai taɓa jita ba, yana shago yana yanka kati a karkace.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ce ta zo. Ta so ta ce a'a, amma ta san ba shi da mai danna maɓalli. Wannan karon ya haɗa hedifon biyu, ya kunna makirufo. Suna zama keken ya cika musu kunne, yana tafe abinsa, ba ruwansa da su. Ya ɗora yatsu kan jita, ya bi gungunin a hankali, baiti ɗaya, baiti biyu. Sai ya dafe tsirkiyoyin da tafin hannu. Ya matso da baki kusa da makirufo, da irin muryar da yake yi in ya zo faɗa wa Mama ya fasa abu.

"Mama, gobe za a rushe gidan nan. Mun koma bayan makaranta, gida mai shuɗiyar ƙofa."

Keken ya tsaya.

Haka take yi tana raye. Duk wanda ya yi mata magana sai ta ɗauke ƙafa daga keke ta saurara, ko ɗan yaye ne. Auta ta kafa ido kan layin da ke rawa a fuskar kwamfuta, ta ga ya kwanta ya miƙe sambal. Suka jira keken ya dawo. Daƙiƙa arba'in suka jira, tana jin bugun jininta a kunne, sannan ya ɗaga mata hannu ta danna ta tsayar da ɗauka.

Bai sake ɗauka ba, bai tsame komai ba. Waƙa ta bakwai ke nan yadda take a kundin waƙoƙin: keke, baiti biyu, maganarsa, da daƙiƙa arba'in. Masu sauraro a waya kan ce masa ta ƙarshen ta lalace, sai ya ce eh, a gida aka yi.

Ya naɗe wayoyinsa a gwiwar hannu, ya cusa su a jaka, ya ce Auta ta wuce gida, shi zai tsaya wajen mai aski, gashinsa ya yi yawa.