Garin Tsatsa a Maƙerar Kawu

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, malaminmu ya ba ni aiki a kan tsatsa. Jan garin tsatsa maganaɗisu ba ya kama shi. Amma in aka gasa shi a rufe da gawayi, har wuta ta zare masa wani abu daga iskar oksijin ɗin da ke jikinsa, sai ya yi baƙi, maganaɗisu ya ja shi. Wannan aka ce in nuna. Ana haka murhun lantarkin ɗakin gwaji ya ƙone. Malam ya ce wanda bai kawo sakamako ba zai maimaita shekara.

Ni kuwa ba ni da shekarar maimaitawa. Baba yana kwance a Maska, ƙafafu a kumbure, ga auduga ta fashe a gona ba mai cira sai Inna da ƙannena mata.

Na dawo gida, na kankare tsatsar wata tsohuwar garma, na tafi Funtua wurin kawuna maƙeri.

"Kawu, wutarka nake roƙo."

"Ga ta nan, in na gama lauje. Amma zugar kai za ka yi."

Na zuba garin da gawayi a 'yar tukunya, na liƙe bakin da yumɓu, na yi ta zuga har hannuwana suka yi kanta. Tukunya ta farko ta fashe. Wata ta tsage, iska ta shiga, garin ya fito jawur yadda ya shiga. Kullum na koma Maska sai Baba ya ɗago kai ya ce, "An dace?" In ce tukuna. Wata rana na zauna bayan maƙerar na yi kuka, Kawu ya yi kamar bai gani ba.

Ranar da ya fito baƙi, na kai maganaɗisun tsohuwar rediyo kusa, garin ya miƙe tsaye kamar gashi.

Da na kai wa Malam, ya gwada, ya ce, "Zafin wutar nawa ne?"

"Ranka ya daɗe, ban da abin aunawa."

Ya kalli hannuwana. Ya ba ni maki mafi ƙanƙanta da ake wucewa da shi.

Bayan hidimar ƙasa aka tura ni koyarwa Malumfashi. Baba bai ga wannan ba. Ya rasu tun a waccan kakar.