Tabarmar da Ta Tafi Hihifon Arewa

Shekara ashirin da takwas Sitaleki Moala ya yi a ma'ajiyar kaya ta bakin tashar jirgin ruwa a Nuku'alofa, kuma kusan duk shekarun nan faɗa ɗaya yake yi da mutane. Kowa ya kawo kwali sai ya rubuta "Hihifo" ya ajiye alƙalami, kamar duniya ba ta da wata Hihifon. Alhali akwai ta nan Tongatapu, tafiyar rabin awa a mota, akwai ta Vava'u, ga kuma ta Niuatoputapu can ƙurewar arewa, inda jirgi ke zuwa sau ɗaya a wata in teku ta yarda.

"Wace Hihifon?" zai tambaya, tabarau a kan hanci.

"Tamu mana."

"Taku ku da wa? Ko a goshinki aka rubuta?"

Haka ya yi suna da baƙin naci, amma kaya ba su taɓa ɓata a hannunsa ba, yana kuma ji da wannan fiye da kima. Shi ɗan Hihifon arewa ne, rabonsa da gida tun rasuwar mahaifiyarsa.

Wata Talata aka sauke wani ƙunshi daga Auckland, an naɗe shi da kyau, an rubuta "Latai Fifita, Hihifo". Sunan yayarsa ke nan. Zuciyarsa ta yi sanyi, ya tuna ƙofar gidansu da itacen mangwaro. Bai tambayi kowa ba, da hannunsa ya ɗora ƙunshin a jirgin arewa, har ya cusa mata gwangwanin nama biyu a gefe.

Ranar Alhamis wata dattijuwa ta shigo tana dogara lema. Ita ma Latai Fifita, daga Hihifon nan kusa. Tabarmar al'ada ta ɗaurawa a ƙugu ta zo karɓa, saƙar mahaifiyarta da dangi suka aiko mata daga Auckland, wadda jikarta za ta ɗaura ranar Asabar a ɗaurin aurenta. Babu amaryar gidansu da ta taɓa shiga coci ba da ita ba.

Sitaleki ya cire tabarau. Kunya ta rufe shi har wuya.

"Inna, ni na aika da ita arewa, jirgin kuma ya riga ya tashi. Ban tambaya ba."

"Kai? Kai da ka hana mu sakat da wace-wace?" Ba ta ɗaga murya ba, zama kawai ta yi a kan buhun gwaza tana kallon teku.

Da yamma ya sa matarsa Kalolaine ta ɗaga katifa. A can ƙasa tabarmarsa take, fara, mai laushi kamar zane, wadda mahaifiyarsa ta yi shekara biyu tana saƙawa. Kalolaine ta dube shi ta ce, "Ka san dai ta mece ce." Ya ce ya sani.

Washegari ya shiga motar haya ya kai ta da kansa. Dattijuwar ta warware ta, ta bi saƙar da yatsa.

"Ɗana, wannan ai wadda za a naɗe ka da ita ce ranar da za a kai ka makwanci."

"Aro ne, Inna," in ji Sitaleki. "Ki bar yarinya ta ɗaura. Zan yi ƙoƙari in kai Litinin da raina."