Husainin da Ya Ƙi Nono

Har yau ban manta da ranar da aka kawo mini Husaini ba. Zamanin Turawa ne, ina malamin asibiti a ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya, a Potiskum. Aikinmu wankin miki, ba da ƙwaya da lambar rigakafi. Abin da ya fi ƙarfinmu sai ya jira likita Bature ya zo rangadi daga Maiduguri.

Uban, Bukar, Babarbare ne mai sayar da kanwa. Uwar kuma sunanta Yagana. Tagwaye suka haifa, ƙyanda ta ɗauke Hasan, shi kuma Husaini, da bai fara rarrafe ba, ya ƙi nono har maɗigarsa ta faɗa.

Ƙa'ida ita ce uwa ake tambaya. Yagana ta ce ba ƙi yake yi ba, yana so, ciwo ke hana shi: in ta kwantar da shi ta dama sai ya saki ya tsandara kuka. Na haska kunnen dama, na ga mugunya. Na wanke, na ɗiga magani, na ce su riƙa zuwa kullum.

Bukar bai tashi ba. Ya ce, "Malam, kunnen gaskiya ne. Amma yaron nan ɗan'uwansa yake nema. In an shimfiɗe shi, hannu yake miƙawa yana laluben tabarma."

Na ce masa kewa sai wanda ya yi wayo. Bai yi gardama ba.

Kunne ya warke, yaro ya kama nono, amma barci ya gagara, jiki kuma ya ƙi komawa. Da likita ya zo ya duba, ya ce bai ga wata cuta ba. Na fassara masa maganar uban, ya ce ba shi da maganin wannan, amma ba zai ƙaryata ba.

Bukar ya riƙa barin rumfarsa da azahar, ya kwanta a gefen da Hasan ke kwanciya, ya ba yaron damtsensa ya riƙe. Mutanen kasuwa sun yi ta yi masa tsiya, wai ya zama mai jego. Kafin kaka Husaini ya yi ƙiba, yana rarrafe.

Ku da kuka fara aikin nan yanzu, jariri ba ya faɗin abin da ke damunsa, amma akwai masu kallonsa dare da rana, kuma ba abu ɗaya suke gani ba. Ku tambayi uwa. In ta gama, kada ku bar uban a tsaye bakin ƙofa.