Ranar da Gitar ta Yi Harbi a Lazaret

Ishaku mutumin Dogon Dutsi ne, kuma ba da niyyar zama ya shigo Yamai ba. Farin farko ne ya koro shi, wanda ya ƙone gonar ubansa ya bar rumbunansu wayam. Ya iso da matarsa Dabora da jaririyarsu Kande a goye, sai ɗan akwatin kayan gyaran rediyo, sana'ar da ya koya a wurin wani dattijo mai aiki a gidan mishan. Sun kwana a tasha, sun kwana a barandar majami'a, har ranar da rediyon wani ɗan kasuwa ta mutu a unguwar Maourey, aka nuna masa baƙon da ke tsugune gindin dalbejiya. Ɗan kasuwar shi ne Alhaji Garba, mutumin Maraɗi, mai shigo da kaya daga bakin teku. Da rediyon ta tashi, Alhaji ya tambaye shi inda yake kwana, Ishaku ya sunkuyar da kai. Kafin la'asar an share musu ɗaki a bayan gidan Alhaji, an kuma ba shi gefen rumfa ya ajiye teburinsa.

A rumfar nan ya yi shekara goma. Alhaji musulmi ne, Ishaku kirista, amma ba a taɓa jin kansu ba. Ishaku na kiransa Baba, shi kuma yana ce masa ɗana, Kande kuwa a cikin jikokin gidan ta tashi, kwano ɗaya suke ci.

Gitar ta shigo sana'arsa ta bayan gida. Yana kaɗa ta katako a majami'a ranar Lahadi, to sai makaɗan gari suka ji labari suka fara kawo masa nasu masu aiki da wutar lantarki. Da haka ya gane cewa ba duk ciwon gitar ne tsufa ke kawowa ba, wata da ciwonta ake haihuwarta. Akwai wadda wuyanta ke zuwa a karkace don an sassaƙa itacen bai gama bushewa ba, ko an ɗaure tsirkiya yaya ba ta daidaituwa. Akwai wadda ƴan ƙarafan da ke gicciye a wuyanta ba a goge bakinsu ba, suna yankar yatsa kamar reza. Wata kuma sai ta riƙa gurnani a lasifika ba dalili, in ka buɗe ka tarar an manta wata ƴar waya ba a liƙa ta ba. Yakan ɗaga gitar ya saita ta da ido kamar mai duba ƙotar gatari, ya yi tsaki, sannan ya ɗauki turnabis, ƙarfen kwance ƙusa.

Sai fari ya sake dawowa a shekarar 1984. Mutanen karkara suka cika gefen gari da buhuna da tabarmi, farashin hatsi ya haura, kasuwa ta yi sanyi. Soja ke mulki, kuma tun da aka yi yunƙurin juyin mulki a shekarar da ta gabata kowa ya koyi sassauta murya. In motar soja ta tsaya a bakin titi, hira kan mutu a baki sai ta wuce.

A cikin wannan hali ne samarin unguwa suka kafa ƙungiyar kiɗa, aka ce za su yi wasa ranar da za a raba wa mutanen da fari ya koro hatsi a wani fili na unguwar Lazaret, a gaban manyan soja. Alhaji Garba aka ba aikin kawo kayan kiɗa. Ya yi tafiya ya dawo da kwalaye, ya sa aka jibge su a rumfar Ishaku.

Tun kwali na farko Ishaku ya ga aibi. Fenti na ƙyalli kamar madubi, amma wuya ya murɗe. Ta biyu ta yanke shi a yatsa. Ta uku da ya haɗa ta da ampili, wato akwatin da ke ƙara sauti, sai ta kama gurnani kamar an tsokano gidan zuma. Ya tashi ya sami Alhaji a zaure yana shan fura.

"Baba, kayan nan ba su da lafiya. Ina jin waɗanda masana'anta ta tsame ne, aka sayar maka."

Alhaji ya ajiye ludayi. "Sabbi ne fil, a kwalinsu na ɗauko su."

"Sabbi ne, amma da aibinsu suka fito."

Alhaji ya dubi ƙofa, ya sassauta murya. "Ɗana, lokacin komawa ya wuce. Gyara abin da kake iya gyarawa, ka rufe bakinka. Ka san zamanin da muke ciki."

Ishaku ya yi abin da aka ce. Ya goge ƙarafa, ya liƙa wayoyi da dalma, ya ware mai murɗaɗɗen wuya gefe. Guda ɗaya ce ba ta shiga hannunsa ba, wata ja. Salisu, babban makaɗin ƙungiyar, magidanci mai ɗinki a kasuwa, ya gan ta tun ranar sauke kaya ya rungume ta ya tafi da ita gida. Da Ishaku ya nemi ya kawo ta a duba, sai ya yi dariya ya ce muryarta garau take, ba mai sa mata turnabis.

Ranar rabo, tun da hantsi filin ya cika. Mata sun yi layi da ƙore da buhuna, tsofaffi na zaune a ƙasa, rana na dukan kowa. An jera buhunan hatsi a bayan igiya, an kafa rumfar manya, soja sun zagaye ta da bindigogi. Ishaku ne ya ja waya daga injin wuta, ya ɗaura manyan lasifiku a kan sanduna, ya tsaya kusa da ampili. Motocin manya suka iso, aka tsaya cak, aka yi wa makaɗa alama.

An fara lafiya. Ganga ta ɗauka, Salisu ya shiga da jar gitarsa, har wasu mata a layi suka fara gyaɗa kai. Da kiɗa ya yi masa daɗi sai ya taka gaba, wayar da ke soke a cikin gitar ta motsa. Lasifikun nan suka saki wata ƙara, ta-ta-ta-tas, mai kaifi, a jere, ta doki bangon gidajen da ke kewaye ta dawo.

Ba wanda ya tsaya tambaya. Soja suka yi wa rumfar manya zobe, ana jin ƙarar ɗana bindigogi. Wani daga cikinsu ya harba sama, wannan karon harbi na gaske. Layi ya watse, ƙore na farfashewa, yara na kuka, aka tattake wata tsohuwa kusa da igiya. Ishaku ya faɗa kan ampili ya fizge waya. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro. Da ya ɗago kai, bakin bindiga ya gani a gaban hancinsa.

"Wa ya haɗa kayan nan?"

"Ni ne," in ji shi, da wata murya da bai san tasa ba ce.

Aka jefa shi a bayan mota tare da Salisu da jar gitar. A wani buro, wato ofishin soja, a unguwar Plateau aka zaunar da su a ƙasa, baya ga bango, aka hana su magana. Salisu leɓensa sai motsi yake da addu'a. Ishaku kuwa Dabora yake tunani. Ya san labari ya riga ya kai Maourey, ya kuma san mutanen da aka ɗauka haka, iyalansu suka yi ta yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan ba wanda ya ce ya gan su.

Bayan azahar aka shigar da shi gaban wani kapiten, hafsan soja, dogo, mai magana a hankali. Gitar na kwance a kan tebur.

"An ce alama ce ka bayar," in ji kapiten. "Wai a rikita masu gadi, wasu su sami hanya. Me ka ce?"

"Ranka shi daɗe, ban san komai ba sai gyara. Ina jin ciwon yana bakin da ake soka waya. Amma ban taɓa buɗe wannan ba."

"Kana ji, ko ka sani?"

"Ina ji ne. Sai an buɗe."

Kapiten ya jawo aljihun tebur ya fito da turnabis. "A sashen rediyon soja na fara aiki, na san dalma. Kada ka yi mini wasa. Buɗe a gabana."

Ishaku ya karɓi turnabis. In ya buɗe ya tarar komai daidai, ba shi da sauran magana. Ya fara nuna wa kapiten kawunan ƙusoshin da ke riƙe da ƙarfen bakin, ba ƙarzuwa ko kaɗan, fenti ma ya ɗan rufe gefen ɗaya. Kapiten ya duƙa ya duba. Ishaku ya kwance su, ya ɗaga ƙarfen a hankali. Ga waya nan, ɗigon dalmar da ke kanta ya yi toka-toka, ya dunƙule bai kama ƙarfe ba. A zaune kawai take, tana taɓawa tana saki. Kapiten ya sa farce ya taɓa ta, ta zame.

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya kira wani soja. "A kawo mai kayan, da duk kwalin da ba a buɗe ba."

Da aka shigo da Alhaji Garba, hularsa a karkace, Ishaku ya kasa haɗa ido da shi. Aka yanka sabon kwali a nan take, kapiten da kansa ya kwance ƙusoshin. Irin dalmar ce dai, har ta fi ta farko muni.

"To," in ji kapiten, ya juyo ga Ishaku. "Daga masana'anta ne, na yarda. Saura tambaya ɗaya. Kai ka duba sauran kayan. Ka ga aibi?"

"Na gani."

"Ka gaya masa?"

Ishaku ya saci kallon Alhaji. Ga mutumin da ya tsince shi a gindin bishiya yana tsaye a gefensa, yana jin numfashinsa. In ya ce a'a, laifin ɓoyewa ya dawo kansa, kuma mutumin da ke gabansa ba ya kama da wanda ake ruɗa. In ya ce e, ya miƙa Baba da hannunsa.

"Na gaya masa zancen wuya da ƙarafa da gurnani," ya ce. "Wannan na yau ban gaya masa ba, don ni ma ban sani ba. Ba mai ganinsa sai ya buɗe."

"Shi me ya ce?"

"Ya ce in gyara abin da nake iya gyarawa."

Ya tsaya nan, bai ƙara sauran ba. Kapiten ya zuba masa ido kamar yana jiran ci gaba, sannan ya dubi Alhaji, ya ce da Ishaku da Salisu su tafi, amma kada su bar gari.

Rana ba ta faɗi ba Ishaku ya iso gida. Dabora na zaune a bakin ɗaki da mayafinta a kai, ashe tun da labari ya iso take yawon nemansa. Ta tashi ta riƙe hannun rigarsa, ta ce, "Baban Kande."

An riƙe Alhaji kwanaki, aka kuma tilasta masa ya maye kayan da nagari, ya ɗauki nauyin jinyar tsohuwar da aka tattake ta karye a hannu. Ya fito a rame. Ishaku ya je gaishe shi a zaure, ya durƙusa. Alhaji bai ɗaga murya ba.

"Da ka ce ba ka gaya mini ba, me zai ci ka?"

"Baba, da sai su riƙe ni, kuma da ƙyar in fito."

"Haka ne," in ji Alhaji. Sannan ya ce ɗakin bayan nan zai yi masa amfani, zai zuba kaya.

Ishaku da iyalinsa suka kwashe suka koma Lazaret, ba nisa da filin da abin ya faru. Kande ta yi ta kukan ƙawayenta. Farkon zaman ya yi wuya, don mutane na tsoron a gan su a teburin wanda soja suka taɓa ɗauka. Dabora ta shiga tuyar ƙosai a bakin kasuwa, da shi suka rayu har aka sami damina mai kyau, masu rediyo suka fara dawowa, makaɗa ma suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Salisu kam bai ƙara riƙe gitar ba, ya tsaya kan kekensa na ɗinki, in an tayar da zancen sai ya tashi.

Ishaku ya ci gaba da sana'arsa har idonsa ya raunana, ya daina ganin bakin waya. Shi da Alhaji sun sha haɗuwa a hanya, su gaisa a tsaitsaye, kowa ya wuce. Da Alhaji ya rasu, Ishaku ya sa farar rigarsa ya tafi Maourey gaisuwa. Ya sami wuri can ƙarshen tabarma cikin baƙi ya zauna. Babban ɗan mamacin, Abdulaye, ya hango shi, ya taso ya kama hannunsa ya kai shi cikin ƴan gida, ya sa aka kawo masa ruwa. A nan ya zauna yana amsa gaisuwa tare da su har aka watse.