Kalangun Baba Na-Ingila

Ana sallame sallar asuba muka bar Tudun Wada ta Gusau, ni da abokina mai tsohuwar motar nan da sai an tura take tashi. Abin da ya fitar da ni kaset ne da na tsinta cikin kayan marigayi kawuna, na waɗansu samarin Ingila huɗu masu kaɗa jita. Na bincika a waya, ashe ba su yi wani tashe ba. Faifai biyu suka fitar, suka yi ta wasa a ƙananan gidajen rawa, rediyo ya ɗan yi yayin waƙarsu ɗaya, daga nan kowa ya kama gabansa. Amma a waƙa ta uku akwai kalangu, a jikin kwalin kuma an gode wa makaɗin mahautan Bungudu. Ɗaya daga cikin samarin ya taɓa koyarwa a garin, kawuna ɗalibinsa ne. Abin ya hana ni sakat.

Gero ya yi kai hagu da dama har Bungudu. Muka karya da koko da ƙosai a bakin tasha. Ƙosan ya rame, kuɗinsa ya yi ƙiba. Da na tambayi mahauta labarin makaɗin, sai dariya.

"Baba Na-Ingila kuka nema?" in ji wani dattijo a cikinsu.

Wai sama da shekara talatin tsohon yana rantsuwa Bature ya ɗauki kiɗansa ya kai Ingila. Ba wanda ya taɓa ji, sai suka laƙaba masa sunan don tsiya. Yanzu ya koma Tsafe wurin 'yarsa. Dattijon ya wanke hannu, ya ce sai ya bi mu ya ga ƙarshen ƙarya.

Muka ratso Gusau muka miƙa. Bayan dutsen Kwatarkwashi hira ta mutu, kowa idonsa na kan daji, shingen jami'an tsaro kuwa har na daina ƙirgawa. Sai da muka shiga Tsafe hira ta dawo.

Mun sami Baba a gindin darbejiya, ido ya yi rauni, kunne garau. Bayan gaisuwa na kunna masa waƙar a waya. Jita ta ɓarke kamar injin niƙa.

"Wagga hayaniya fa, ɗana?"

Na ce ya ɗan jira. Kalangu na shigowa ya ɗaga yatsa. Kafin in juya, dattijon mahaucin ya miƙe tsaye. Taken mahaifinsa ne, tsohon Sarkin Fawa, wanda rabon da a kaɗa shi tun ranar da ya rasu. Turawan ba su san take ba ne. Da baitinsu ya ƙare suka datse shi a tsakiya.

"Sun yanke shi," in ji Baba. "Ba a barin taken mutum rataye."

Ya sa 'yarsa ta sauko da kalangun daga ƙusa. Ya ja tsarkiya, ya ɗauka daga daidai inda suka yanke, ya kai shi ƙarshe. Ni kaina na yi ƙwalla, ba zan ɓoye ba. Mahaucin ya durƙusa.

"Baba, ka yahe muna. Mun daina kiranka sunan."

"A'a, ku bar mani abina. Yanzu ne ya zama nawa."

Ba a yamma a wannan hanya, don haka kafin la'asar mun iso gida, da tsarabar gyaɗa. Na fita neman labarin samarin da ƙasarsu ta manta, na dawo da sanin cewa aikin da ka raina yana iya zama shaidar wani. Mahaucin kuwa bai bari mun kai shi tasha ba sai da na tura masa waƙar, ya ce gobe da bakinsa zai faɗa wa 'yan rumfar mahauta gaskiyar Baba.