Gudumar Baba a Kan Akwatin Bindiga

Ko zan manta komai na zamana a New York, ba zan manta da wata Juma'a ba. Lokacin ina aiki a shagon wani Bature mai lasisin gyaran bindigogin farauta. Ni ɗan maƙera ne daga Damagaram, a hannun Baba na koyi ƙarfe. Dokarsa ɗaya ce: in za ka tashi daga aikin da bai ƙare ba, ka gitta guduma a kansa, kowa ya gani ya sani. Bayan rasuwarsa na taho da gudumar, amma sai na rataye ta a bangon shagon kamar kayan ado. Ina da sufana mai awo, me zan yi da tsohuwar guduma? Ƙuruciya dangin hauka.

Ran nan wani Alhaji ɗan Kumasi, direban tasi, ya kawo bindigarsa a sauya mata bututu, zai je farautar barewa da asubar Asabar. Bututun nan murɗa shi ake cikin gangar jikin bindiga, sannan a ɗaure da sufana har awo ya cika. In bai ɗauru ba, wutar harsashi a fuskar mai harbi za ta iya dawowa. Na murɗa da hannu ke nan na duba agogo, na ga liman ya kusa hawa mumbari a masallacinmu na wajen Fordham Road. Na bar komai na ruga.

Da na dawo, maigidana ya riga ya haɗa bindigar ya rufe a akwati, a zatonsa na gama. Ni ma wallahi haka zuciyata ta gaya mini.

Alhaji ya shigo yana fara'a. "Maƙeri, an gama? Na yi fakin a mugun wuri, kar su ba ni tikiti."

"An gama, Alhaji."

Ya miƙa hannu zai ɗauka. Sai shagon ya yi tsit, na ji ƙaurin gawayin maƙera, a ɗakin da ko ashana ba a ƙyastawa. Gudumar ta saki ƙusarta ta faɗo, ta kwanta a gicciye a kan akwatin, daidai yadda Baba yake ajiye ta.

Maigidana ya yi dariya, ya ce jirgin ƙasan da ke bi ta kusa da shagon ne ya girgiza bango. Shekara shida jirgin yana wucewa, bai taɓa motsa ta ba.

"Alhaji, dakata," na ce.

Na buɗe akwatin, na warware bindigar, na kama bututun. Da hannuna kawai ya juya. Alhaji ya shafa idonsa na dama, wanda yake saiti da shi, a hankali, ya ce, "Innalillahi."

Har yau ban san abin da ya sauko da ita ba, kuma na daina tambaya. Abin da na koya shi ne kada in yarda da "ina jin na gama". Gudumar ba ta koma bango ba. Ko ruwa zan tashi sha, sai na gitta ta a kan aikin.