Littafin Iya Ya Tsaya a Kan "Summa"

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar kakata, Iya Zahra'u ta Yakasai, kuma tun daga ranar ban ƙara cin alkaki ba. Kada mai karatu ya ɗauka azumi nake yi. Ina cin abin da ake kira alkaki, ina ci ƙwarai, har Gwaggo Rabi, ƙanwar babana, takan ce in aka bar ni da kwando sai a dawo a tarar da kwandon yana neman taimako. Amma wannan da ake soyawa yanzu a tsoma a ruwan sukari, da Iya za ta gan shi, da ta tambaya wane magini ne ya yar da tubalinsa a faranti.

Shekarata goma sha shida, ina makarantar boko a nan cikin birni. Da na ce zan kai wannan rubutu jarida, malaminmu ya ce jarida wurin manya ce. Na ce masa ai maganar babba zan kai.

Iya 'yar Larabawan unguwar Alfindiki ce. Ubanta falke ne, daga Gadamas ya zo da ayarin raƙuma, ya sauke kaya a Kano bai koma ba. Da aka aurar da ita ga kakana, Bafulatanin Yakasai, an ce ta shigo gidan da abu biyu da suka ɗaure wa dangi kai, tanderun gasa gurasa da akwatin littattafai. Dangin miji sun san fura, sun san nono, sun san man shanu. Mace mai akwatin littattafai kuwa, an yi wata guda ana zuwa leƙenta. In ta ji ana zancen Turawa takan gyara zama ta ce, "Mu Larabawa ake kira Turawa a garin nan tun kafin a ga mai jan kunne. Waɗannan aron sunan suka yi, kuma ba su da niyyar mayarwa."

Ni ta mai da mijinta, kamar yadda kakanni ke yi da jikokinsu. "Maigida, ka dawo? Ina cefane?" Ni kuma in ce, "Amarya, sai kin yi haƙora tukuna." Sai ta jefe ni da mafici. Na lissafa, jifan da na sha da maficin nan ya fi gashin kaina yawa, kuma sau ɗaya tak ta taɓa kuskure na, shi ma don Baba ya gifta ne ya karɓa a madadina.

Iya ba ta raba karatu da abinci. In ɗalibi ya aiko yana tambayar wane littafi zai fara, sai ta ce a tambaye shi me ya ci da safe. Ga abin da na riƙe daga shawarwarinta, na ba ku kyauta.

Littattafan fiƙihu, in ji ta, dambu ne. Suna riƙe ciki, babu gidan da zai zauna babu su, amma wanda ya afka musu babu mai babu ruwa a kusa, zai shaƙe. Ruwan shi ne malami. Nahawun Larabci kuwa ƙashin miya ne, ba ka cinye shi, amma in babu shi miyar ta zama ruwan zafi. Waƙoƙin wa'azi na ajami yaji ne, a lasa kaɗan kullum, idanu su yi ruwa, zuciya ta farka. Wanda ya cika baki da su rana ɗaya zai fita yana ganin kowa ɗan wuta ne har da akuyar maƙwabta. Tarihin sarakuna kilishi ne, a tauna a hankali, kuma a tuna cewa wanda ya shanya shi ya yanke kitsen da ba ya so a gani. Littattafan magani ta ce a karanta su bayan an ƙoshi, don mai yunwa duk cutar da ya karanta sai ya ji ta a jikinsa. Labaran matafiya su ne alkaki. Ba su ne abinci ba, amma saboda su yaro yake haƙuri da tuwo.

Ranar Alhamis take yin gurasa. Tun da hantsi ƙanshin tanderu yake fita ta zaure, ya bi lungu, ya kama mutane a hanya. Na rantse akwai mutanen unguwar Shahuci da ba su taɓa tuna muna da zumunci ba sai ranar Alhamis. Takan yayyafa wa gurasar ruwa, ta barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, ta zuba man gyaɗa har ya gangaro gwiwar hannu. Da salla takan yi kuskus da naman rago, tana murza shi da tafin hannu tun kwana uku kafin ranar, da dubulan mai laushin da in ka yi numfashi kusa da shi sai ya karye. Alkakinta kuwa na alkamar bakin rafi ne, ta jiƙa, ta bari ya kwana ya yi tsami, ta naɗa a yatsu, ta soya, ta nutsa shi a zuma farar saƙa. In ka gatsa, waje ya yi ƙaras, ciki ya zubo.

A kan alkakin nan na yi laifin da ya sa nake wannan rubutu.

Wanda ya saba da littafin boko ba lallai ya san littafin hannu ba. Ba a ɗinke shi. Falle-falle yake, a jere, a cikin gafaka ta fata. Don kada fallayen su rikice, marubuci yakan rubuta kalmar farko ta falle na gaba a ƙasan wanda ya gama. Cikin littattafan Iya akwai wanda ta fi so, labarin tafiyar ubanta daga Gadamas zuwa Kano, da hannunsa ya rubuta da Larabci. Bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma gindin rumfa, ta karanta tana fassara mini.

Ina da shekara takwas. Wata rana ta gama alkaki, ta rufe a kwando, ta baza fallayen wani littafi a tabarma tana shan iska da su, sai ta tashi alwala. Na buɗe kwandon na ɗebi uku. Zuma na ɗiga, in na sa a aljihu ƙudaje za su raka ni har inda za ni su ba da shaida. Na waiga, sai ga falle ɗaya a gefen tabarma, fari fat, babu ko ɗigo. Na naɗe alkakin a ciki na ruga. Ban tsaya ba sai gindin badala, can jikin ganuwa.

Da na warware, sai na ga ashe bayan fallen ne fari. Cikinsa rubutu ne, kuma zuma ta kwashe tawadar kaf. Alkakin nan uku sun yi baƙi da haruffa, takardar ta zama dama-dama. Na zauna ina duban su. Tsoro ya kama ni, yunwa ma ta kama ni, sai na ga gara in raba gardama in ɓatar da shaida. Na cinye su. Wata akuya ta ƙarasa takardar.

Na dawo gida ina jiran duniya ta tashi. Iya ta dube ni ta ce, "Maigida, ina cefane?" Shi ke nan. Na ce a raina ko dai fallen na wani tsohon littafi ne da ba ta buɗewa.

Ta ci gaba da karanta mini tafiyar ubanta. Kusa da ƙarshe akwai wurin da ayari ya ɓata a sahara, salkunan ruwa suka bushe, raƙuma biyu suka faɗi. A rana ta huɗu suka hango rijiya, ubanta ya zura guga. Nan Iya takan dakata ta gyara mayafi. Wata rana ta ce guga ya fito da ruwa mai sanyi kamar na randa. Wata rana ta ce rijiyar busasshiya ce, sai wata Buzuwa ta ɓullo da ƙwaryar nonon raƙumi, kuma ita ce ta zama uwar ita Iya. Ran da na yi mata rashin kunya ta ce guga ya fito da wani yaro mai kwaɗayi, aka mai da shi ciki. Na ce, "Amarya, jiya ba haka kika ce ba." Ta ce, "Jiya ba haka ka ci ba." Na ɗauka tsufa ne, ko kuwa wasanmu ne. Ban taɓa haɗa wannan da alkakin badala ba.

Shekara uku ina ɗauke da maganar. Da ciwonta ya yi tsanani, wata safiya Baba ya tara mu ya ce kowa ya shiga ya nemi gafararta. Na shirya kalmomina tun daga tsakar gida. Na durƙusa gefen gadonta, ta kama hannuna, nata ya zama kamar kara. Na buɗe baki, sai na ji ina cewa, "Iya, yaushe za ki tashi ki yi mana alkaki?" Ta yi murmushi ta ce, "Mijin banza." Washegari ta cika.

Ta bar wasiyya a ba ni gafakar tafiyar ubanta. Na rataye ta a ɗaka ban buɗe ba, don Larabcina a lokacin bai wuce na salla ba. Sai bara, da na ɗan samu ido, na zauna na bi ta falle-falle. Na bi ayarin har rijiya. Ubanta ya zura guga. A ƙasan fallen, can kusurwa, ga kalmar da ke kiran falle na gaba: summa, wato sannan. Na ɗaga. Babu komai sai fatar gafaka.

Ranar na gane abin da na cinye. Na kuma gane shekara uku tsohuwar nan ta yi tana riƙe da falle na biyun ƙarshe, tana ƙaga mini sauran daga kanta.

Sau da yawa ina tunanin me za ta ce da Kano ta yanzu. Ayarin raƙuma ya ja baya, jirgin ƙasa ke kawo kaya. Ana sayar da burodi, wanda na tabbata za ta ce gurasa ce da ta yi rashin lafiya ta kumbura. Sukari ya kori zuma daga madafa. A makaranta ana ba mu ƙananan littattafan labarai da aka buga da haruffan boko, kowa nasa iri ɗaya, a ɗinke tsaf, babu fallen da zai ɓace. Ina son su, kuma ina ba kowane yaro shawara ya nema ya karanta. Na san ita ma da ta sa na karanta mata, tana tsaki tana cewa in ci gaba. Amma da ta shinshina ɗaya ta ce ba ya ƙanshin kowa. Nata littattafan kowanne da tabonsa, wannan ɗigon man gyaɗa, wancan sawun yatsa mai zuma.

Makon jiya Gwaggo Rabi ta yi alkaki don a yi wa Iya sadaka. Na same ta gindin murhu, na zauna a kan turmi, na faɗa mata komai, daga kwando har akuya. Ina jiran ta yi salati. Sai ta ajiye matsami ta yi dariya har hawaye.

"Kai a zatonka asiri ne? Ka shigo gidan nan da leɓe baƙi ƙirin kamar ka sumbaci tukunya. Har haƙoranka sai da suka yi tawada."

"To me ya hana ta dukana?"

"Ni na ɗauko tsumagiya. Ta ce in ajiye. Ta ce mutane na wanke allo su sha don su yi ilimi, mijina ya haɗa nasa da zuma, ina laifinsa? Ta ce ƙarshen labarin yana cikinsa, in ya girma ya fito da shi."

"Gwaggo, ke kin san ainihin abin da ke fallen?"

"Ina na sani? Kullum kuna rumfa ina nan ina shan hayaƙi."

Na ce, "Ban nemi gafararta ba."

Ta juya alkakin da ke cikin mai, ba ta dube ni ba. "Jikokinta goma sha ɗaya. Wa ta bar wa gafakar?"

Ba zan taɓa sanin abin da guga ya fito da shi ba. Wanda ya rubuta ya tafi, wadda ta karanta ta tafi, akuyar ma na tabbata an daɗe da cin ta da salla. Tanderun Iya ya tsage, an kife shi bayan ɗaki, kaji na ƙwai a ciki. Mutanen Shahuci sun daina zuwa ranar Alhamis. Abin da ya rage mini shi ne maficinta, da gafaka, da ƙarshe iri-iri da ta ba ni a madadin guda ɗaya da na sace mata, kuma na riƙe su duka.

Na samo farin falle na sa a ƙarshen gafakar. Na feƙe alƙalami, na rubuta summa a samansa. Kullum bayan la'asar nakan ɗauko shi in zauna gindin rumfa, in duba, in mayar. Har yanzu ban ƙara ko wasali ba.

Allah Ya jiƙan Iya Zahra'u, Ya shayar da ita daga rijiyar da ba ta ƙafewa. Amarya, maigidanki bai kawo cefanen ba tukuna, amma yana hanya.